Rabin Juyi

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan la'asar

Ni ne Metir Mani, sarkin makanikan Dogon Dutsi, likitan injuna daga nan har Dogon Kiriya, mutumin da in ya yi tari bakin garaji sai motoci su gyara murya. Shekara talatin da ɗaya ina rubutu cikin irin wanga kaye, wato littafin garaji, kullum bayan la'asar, ban taɓa tsallake yini ba. Talata da Laraba shafi ya zauna fari. Dalilina nawa ne, kada wanda ya tambaye ni.

Duk wanda ya lura cewa da Faransanci nike rubutu a da, yau kuma ga Hausa, har hannun ma ya sake, to ya sani babban mutum ba hannu ɗaya gare shi ba.

Hutawa nike yi cikin ɗaki. Hutu ne kawai. Garaji na bar shi hannun jikana Ɗantala, ɗan ɗiyata, mai shekara ashirin da uku, gemu ya iso hankali na bisa hanya. Ban da allo bai karanta komi ba, boko ma cikin waya ya tsince shi. Ba shi da aiki sai tsokanata, wai matata Hawwa'u tashi ce, aro ya ba ni. Amma a faɗi gaskiya yaro ne kyakkyawa, 'yan matan unguwa shaida ne.

Aikin da ke gabanmu Doguwa ce, tsohuwar Fijo 404 mai buɗaɗɗen baya, fara, wadda ta girmi uwar Ɗantala. Na fidda injinta na sa mata na 504, wanda ya fi girma. Saura karbirata, tukunyar da ke gauraya esansi, wato fetur, da iska ta ba inji. Tsohuwar tata maƙogwaro ɗaya gare ta, ta yi wa sabon injin kaɗan, kamar a ba ɗan kokowa fura da cokalin shayi. Ban taɓa barin Ɗantala ya taɓa karbirata ba. Kullum nakan ce hannunshi na wasa ne.

Asabar, 10 ga Mayu, da hantsi

Kawu Rabo ya iso daga Yamai. Wato ɗana Rabo, ma'aikacin gwamnati. Ya shigo ya dube ni, ya fita ya daɗe bayan rumbu. Da ya dawo ya tara mutane cikin zaure, ina jiyo su.

"Konjena, hutun da na ɗauka wurin aiki, ran talatin da ɗaya ga wata zai ƙare," in ji shi. "In har ranar Baba bai buɗe baki ba, bai karɓi abinci da kanshi ba, zan tahi da shi Yamai. A rufe garaji. Waccan akwalar kuma masu sayen ƙarfe su zo su auna ta."

Ɗantala ya ce, "Kawu, Tsoho ya rantse ko gaw… ko cikin mafarki ba ya kwana Yamai."

"Yau ya faɗa maka haka?"

 Ni ban ce komi ba. Kwanan nan ba ni da yawan magana.

Wata maƙwabciya 'yar garin Lugu ta ce tun farko bai kamata a sa wa mota sunan iska ba, ana kiran sunan kullum cikin gida. Majo Zalihatu, wadda ke zuwa daga asibiti tana ɗaura mini abin awo a dantse, ta ce tansiyo ne, wato hawan jini, a bar ni in huta, kada a ɓata mini rai. Ba wanda ya tambayi abin da ya faru da hantsin Talata gaban kapon Doguwa, wato murfin injinta. Wanda ya sani bai faɗa ba.

Yaron ya yanke shawara shi kaɗai. Wai in na ji Doguwa ta tashi, zan tashi.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan azahar

An gaya mini Ɗantala ya je wurin Iro mai sayar da kayan mota bakin tasha. Iro ya shimfiɗa tabarma ya fito da wata karbirata sabuwa dal cikin kwali, tana ƙyalli.

"Maƙogwaro biyu, manya, tare suke buɗewa. Ka ɗora wagga, Doguwa ta riga jirgi isa Yamai."

"Mu ba mu zuwa Yamai."

Wallahi ta shiga raina. Ran yaron, nike nufi. Amma ya taho da wanga kaye, kuma a shafin watan Maris akwai zane: da'ira biyu, ƙarama da babba, 32 da 35, da kibiya daga ƙaramar zuwa babbar. Faransanci ya fi ƙarfinshi, amma lamba da zane ba su da yare. Ya kuma tuna abin da nike faɗa wa direbobi: motar da ke shiga rairayi da lodin gero ba ta son babban baki. In baki ya yi faɗi, iska na shiga da kasala, ba ta jan esansi. Ka taka, motar ta yi shiru tana tunani, kai kuma ka nutse.

Yaron ya leƙa ƙarƙashin benci ya jawo wata baƙa ƙirin da yanar gizo a baki. Ya motsa hannunta: maƙogwaron farko ya buɗe shi kaɗai, na biyu bai motsa ba sai da anka kai nesa. Ɗaya na tafiyar kullum, ɗaya na hawan tudu.

Iro ya ce, "Wa ya gaya maka?"

"Ni na gaya wa kaina."

"Ƙarya kake, ɗan nema, wanga idon Metir ne. Yaya jikin nashi?"

"Shina hutawa."

Iro ya karɓi tsohuwar karbiratar Doguwa ya ba da baƙar, ya ƙara da 'yan jiklar cikin gwangwanin tumatir, ya juya baya yana gyara abin da ba ya buƙatar gyara.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan la'asar

An kwance ta ɗaya bayan ɗaya bisa farin ƙyalle, an jiƙa cikin esansi. Jiklar su ne 'yan ƙananan tagulla masu huda waɗanda ke auna yawan man da ke wucewa. Da baki ake hura su. Na hana a zura musu waya tun kafin a haifi yaron, don waya na ƙara faɗin huda, daga nan mota ta koma mashayiya. Ya hura har leɓenshi ya yi ɗaci.

Hawwa'u ta leƙo ta ce, "Angona, warin esansi kake, kada ka matso ni."

"Amarya, turaren masu mota ke nan. Wancan tsohon naki me ya taɓa shafa miki?"

Ta yi dariya, sa'an nan ta dubi tagata, dariyar ta tsaya.

Alhamis, 15 ga Mayu, da safe

Cokali uku na kunu. Na huɗu ya dawo.

Juma'a, 16 ga Mayu, bayan masallaci

Ta tashi! Ta tashi minti ɗaya, ta tofa baƙin hayaƙi bisa wankin Hawwa'u, sa'an nan esansi ya malalo ta saman karbirata kamar tulun da anka manta bakin famfo. An kashe da gudu.

Fulota ce, 'yar kwalbar da ke yawo bisa mai ta rufe ƙofa in tukunya ta cika. Ta hau sama da yawa. Yaron ya yini neman abin da nike auna ta da shi, ashe ga shi rataye a ƙusa gaban idonshi shekara da shekaru: guntun zarto mai tsaga ɗaya. Ya lanƙwasa harshen fulota kaɗan-kaɗan har ta zo daidai tsagar.

Ya wanke zannuwan Hawwa'u da kanshi. Mazan unguwa sun gani. Ba komi, miji nagari ke nan.

Lahadi, 18 ga Mayu, da yamma

Sun turo Doguwa har ƙarƙashin tagata. Hadari ya haɗu gabas, ya watse. Manoma na ta duban sama, mu muna duban taga.

Talata, 20 ga Mayu

Ran Talata anka haifi yaron, shi ya sa sunan. Yau bai tsokani kowa ba. Mako biyu ke nan bai sa wa kowa ƙadangaren roba cikin aljihu ba. Masu shayi sun ce ko shi ma ba shi da lahiya.

Ba ni son Talata.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan azahar

An fita gwaji hanyar Matankari, Iro na gefe riƙe da ƙofa don ba ta rufuwa. A miƙe lahiya lau. Da munka kama hawa na taka, maƙogwaro na biyu ya buɗe, sai ta yi atishawa ta baki, tas! tas! ta ja baya kamar jakin da ya ga rijiya. Na tsaya na kwance buji, wato fulogi: fari fat kamar toka. Yunwa take ji, iska ta fi mai. Na sa jiklar mai lamba ta gaba, munka koma ƙasan tudun munka sake hawa. Baƙi kamar gawayi, ta ƙoshi har ta yi nauyi. Iro ya zazzage gwangwanin bisa hularshi, munka samu na tsakiya. Hawa na uku ta haye ba tari, wani mai amalanke ya ɗaga mana bulala, Iro na ihu, "Doguwa ta dawo!" Buji ya fito launin ƙuli-ƙuli, yadda ake so.

Na duba abin da na rubuta. Duk inda na ce "na", a karanta "yaron". Zafin rana ne.

Asabar, 24 ga Mayu, bayan la'asar

Saura ralanti, wato numfashin mota in tana tsaye. Kowa a Dogon Dutsi ya san yadda nike yi. Nakan cika ƙaramin kofin shayi har baki, in ɗora bisa murfin matatar iska, in riƙa juya sukurun gauraye da turnabis ina saurare. In shayi na rawa, da saura. In ya kwanta yana ɗan motsi bai zuba ba, an gama, sai in shanye.

Yaron ya yi haka tun hantsi can bayan garaji, ya zubar da kofi shida. Na bakwai ya zauna. Ya yi wa sukurun alama da farce da fenti, don kada ya ɓace mishi.

Da la'asar ya kira kowa: Hawwa'u, Rabo, Iro, har masu shayi. Anka tada ni zaune da matashi, anka buɗe taga. Ya murza kile, makullin tada mota. Doguwa ta tashi bugu ɗaya, tana numfashi kamar jaririn da ya ƙoshi, kofi bisa kanta ko ɗigo.

Na buɗe ido. Na saurara, na daɗe ina saurare. Kowa ya gani.

Sa'an nan na juya fuskata wajen bango.

Yau ko cokali ɗaya.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ba abin rubutawa.

Litinin, 26 ga Mayu, da hantsi

Rabo ya sayi katifar tafiya. Wasu mutum biyu sun zo sun zagaya Doguwa suna ƙwanƙwasa ta da yatsa kamar masu sayen kankana. Rabo ba mugu ba ne. Da asuba ana jin shi yana roƙon Allah da sunana.

Talata, 27 ga Mayu, bayan azahar

Hawwa'u na tsince wake bakin madafa, yaron ya zauna kusa da ita bai ko ce amarya ba.

Ta ce, "Ka gyara ta da kyau."

"To mi ya sa ya juya baya, Inna?"

"Don ka gyara ta da kyau." Ta hure ƙaiƙayi. "Shekara hamsin ina tuƙa wa mutumin nan tuwo. In ya yi daidai, shiru yake ci, ko sannu. Sai gishiri ya yi yawa nike jin muryar mijina. Wani lokaci da gangan nike ƙarawa, in gidan ya yi mini shiru."

"Inna!"

"Ya ji motarshi na numfashi ba da hannunshi ba. To ya tashi ya yi mi?"

Laraba, 28 ga Mayu, bayan la'asar

Sau uku yaron na ɗaukar turnabis yana ajiyewa.

Bari in rubuta, tunda kaye ba ya da baki. Ran waccan Talatar, wani ya musanya wayoyin buji biyu na Doguwa, don ya ga sarkin makanikai na neman ciwon da babu. Wani ya ɓuya bayan tano, wato duron ruwa, yana danne dariya. Tsoho ya ɗago daga kapo, ya buɗe baki zai yi zagin da ya saba. Zagin bai fito ba. Kilen kwance ƙusa ya faɗi daga hannun dama, sa'an nan sauran jikin ya bi.

Wani ya rantse ba shi ƙara yi wa kowa wasa har abada.

Da Majo Zalihatu ta fito daga ɗaki, yaron ya tare ta a zaure ya faɗa mata duka, da na Talata da abin da yake son yi. Ta dube shi ta saman madubin idonta.

"Kai, tansiyon shekara goma da ƙin shan magani, kai ka ɗauka wayarka biyu sunka kawo shi? Kada ka ba kanka girma." Ta naɗe abin awonta. "Na ce kada a ba shi tsoro. Ban ce a hana shi jin mota ba. Gobe da hantsi ina nan zaune kusa da shi. In na ɗaga hannu, ka kashe."

Alhamis, 29 ga Mayu, bayan azahar



Yaron ya buɗe sukurun juyi biyu cur, ya rage ralanti. Ya ajiye kile mai lamba goma bisa tabarmar Tsoho ta gefen hagu, wai mantuwa ya yi. Ya ɗora shayi, ya tada ta. Subhanallahi. Doguwa ta kama sukuwa a tsaye, gurum-gurum, fat, gurum, hayaƙi baƙi, kofi na tsalle shayi na gangara bisa inji. Rabo ya fito da buta a hannu yana cewa lahiya?

Yaron ya ɗaga murya yadda za ta shiga taga. "Iro! Ta lalace cikin dare, ban san mi ya same ta ba! Ina ga jiklar ne ya toshe, miƙo mini ƙusa in buɗe shi!"

Iro, Allah shi yi mishi albarka, ya gane. "Ƙusa ta yi kaɗan, ga waya mai kauri!"

"Kawo guduma ma, in ɗan buga fulotar!"

Shiru daga taga. Majo ba ta ɗaga hannu ba. Yaron ya ɗaga guduma sama.

Ƙwang!

Kile bisa ƙarfen taga. Da hannun hagu.

Ya ajiye guduma ya ɗauki turnabis, ya juya sukurun ta inda bai kamata ba. Ƙwang! ƙwang! ƙwang! Ya ce, "Mi? Ƙara buɗewa? To!" Ya ƙara.

Sai wata murya kamar ƙofar da ta shekara a rufe:

"Sa… karai."

Buta ta faɗi daga hannun Rabo. Hawwa'u ta toshe baki da gyale. Yaron bai juyo ba, don in ya juyo za a ga fuskarshi.

"Na'am, Tsoho? Da wa kake?"

"Dama. Ɗau… re."

Ya ɗaure. Juyi ɗaya, ƙwang, wato ci gaba. Sukuwa ta ragu. Iro ya sake cika kofi. Wani juyin, har sukurun ya zo daidai alamar fenti, inda yaron ya bar shi ran Asabar. Shayi ya zauna. Ya ɗaga turnabis zai ce an gama.

"Rabin… juyi."

"Tsoho, ai ta kai."

Ƙwang!

Ya ƙara rabin juyi, don kada a ce ya ƙi. Sai muryar Doguwa ta sauka wani wuri da bai san akwai shi ba. Shayin ya daina ko motsi, har ana ganin reshen bedi, wato darbejiya, a cikinshi. Ashe ran Asabar kusa ya kai, bai kai ba. Ashe da ya ce bai iya ba, ba duka ne ƙarya ba.

Hannun hagu ya fito ta taga, a buɗe. Mun tsaya muna kallo, sai Hawwa'u ta ce, "Kai, ba shi shayinshi mana, wa ke shan na ƙarshe in ba shi ba?" Majo ta ce rabi kawai, kuma daga yau ba sukari da yawa. Rabin ya zube bisa riga, rabin ya shiga.

Rabo ya durƙusa bakin tabarma. "Baba, batun Yamai…"

"Kai… tahi."

Ban taɓa ganin an kori mutum yana dariya da hawaye ba sai yau.

Juma'a, 30 ga Mayu, da safe

Kunu rabin kwano, da hannun hagu. An ce gishirin miyar jiya ya yi yawa. Kalma biyu ce, amma Hawwa'u ta yini tana maimaita su ga maƙwabta.

Asabar, 31 ga Mayu, bayan la'asar

Kawu Rabo ya hau motar safe shi kaɗai, ya bar katifar. Za a shimfiɗa ta bayan Doguwa duk ranar da za a kai Tsoho asibiti motsa hannu. An yi yayyafi da hantsi, ƙasa ta yi ƙamshi. Hannun dama bai dawo ba tukuna, magana kuma ɗaya-ɗaya take fitowa, kusan duka zagi. Majo ta ce a gode wa Allah, da shi ake farawa.

Ɗazu Tsoho ya nuna ƙusar da ake rataye kaye, ya ga wayam, ya dube ni. Na ɗauko na zauna na karanta mishi tun daga Alhamis ta farko, ban tsallake ko shafin Laraba ba. Da na kai wurin wayoyin buji na tsaya. Na ce, "Tsoho, wanin nan…"

Ya ɗaga yatsu. "Waya ta biyu… da ta uku." Ya huta. "Na gani… tun safe. Wasa… mara gishiri."

Ya kama kunnena da hannun hagu ya murɗa. Ban san hagu na da ƙarfi haka ba. Ban taɓa jin daɗin zafi irin na yau ba.

Sa'an nan ya nemi bik, wato biro. Ya sa na buɗe shafin Alhamis ta farko na nuna mishi inda anka rubuta "yaro ne kyakkyawa". Ya daɗe yana kokowa da bik ɗin, ya ja layi bisa kalmar, karkatacce, har ya huda takarda. Rubutunshi na farko ke nan tun waccan Talatar. Duk mai duba kayen nan daga waccan Alhamis zuwa yau, wancan layin kaɗai ne hannun Metir Mani.

Sauran duka, sarautar da kurin da hutun, ba shi ba ne. Na ga shafi biyu fari ne na kasa jurewa, na ce bari in riƙe mishi wurin kafin ya dawo. Ya dawo, na sauka.

Ni ne sakaran. Ni ne Ɗantala, jikan Mani, mai zubar da shayi kofi bakwai, wanda aka ce gobe ya zo da turnabis a koya mishi tun daga farko, kuma mijin Hawwa'u na gaskiya, ko an soke ko ba a soke ba.